Sha-kuwwa: sunan da nake so mu ba rizistar bakin layi

Assalamu alaikum. Masu aikin lantarki da malaman Hausa, ku matso kusa. Akwai kalmar da ta tsaya mini a rai tun noman ranin bara. Sunan wata 'yar rizista ce, wato ɗan kayan da ke rage wucewar lantarki, wadda ake sawa a bakin layin wayar da ke ɗaukar saƙo tsakanin na'urori. Turawa suna ce mata termination resistor, a bakinmu masu aiki kuma ta koma "taminaita". Ina so mu sama mata suna na Hausa, ga kuma abin da ya sa.

Wani Alhaji a wajen Auyo, cikin kwarin Haɗeja, yana da famfunan sola huɗu a gonar shinkafa, kowanne da inbatarsa, na'urar da ke juya wutar sola ta tuƙa famfon. Yana so ya riƙa ganin aikinsu daga ɗakin mai gadi, ba sai ya bi kunya-kunya ba. Muka ja waya mita 400 da 'yan kai, ta bi inbata ɗaya bayan ɗaya kamar jerin gwano, ta ƙare a ɗan allon da ke ɗakin. Tsarin RS-485 ne, wanda aka fitar a Amurka a 1983, yaren da na'urorin ke magana da shi kuma Modbus, na kamfanin Modicon tun 1979. Waya biyu ke ɗaukar saƙon, A da B, a tufke kamar igiya, kuma bambancin da ke tsakaninsu mai karɓa yake karantawa. Shi ya sa hayaniyar da inbata ke watsawa ba ta cika damunsa ba: ta faɗa wa A, ta faɗa wa B daidai wa daida, bambancin yana nan yadda yake. In ba a matsa masa da sauri ba yana kai saƙo har mita 1200, alhali tsohon tsarin RS-232 da ƙyar yake wuce mita 15.

Ranar da za mu gama na shiga Haɗeja neman kaya, na ce wa yarona ya sa taminaita kafin in dawo. Bayan la'asar na tarar allo yana kawo lamba yana ɗaukewa. Na kashe komai, na ɗora mita tsakanin A da B. Om 24, om kuwa shi ne ma'aunin rizista.

"Kai, guda nawa ka sa?"

"Oga, biyar. Kowace tamina na sa mata ɗaya."

A shago tamina ita ce inda ake ɗaure bakin waya da sukudireba. Yaron ya ji taminaita, ya ce ai ta tamina ce, ya bi kowace na'ura ya sa mata. Yaro ne mai natsuwa, sunan ne ya kai shi ya baro. Rizista biyar masu om 120 kafaɗa da kafaɗa sun sauko 24, ita kuwa aisin da ke tura saƙo, wato 'yar ƙwaƙwalwar da ke cikin na'ura, an yi ta ne don nauyin om 54, kuma duk raguwar om ƙarin kaya ne a kanta. Mun ɗora mata fiye da ninkin kayanta. Muka cire uku na tsakiya, muka bar ta ɗakin mai gadi da ta inbatar ƙarshe, mita ya nuna 60, allo ya tsaya cak da lambobinsa.

To mene ne aikinta? Sai an san wannan kafin a raɗa suna. Ka shiga sito wayam kafin girbi ka yi magana da ƙarfi, muryarka za ta daki bango ta dawo maka. Ka koma bayan an cika shi da buhunan shanshera, ka yi irin wannan maganar, shiru za ka ji, buhu ya shanye ta. Saƙon lantarki ma haka yake. Yana gudu cikin waya kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, in ya kai ƙarshe ya tarar da baki a sake, sai ya juyo baya ya haɗu da saƙon da ke biye da shi, su cakuɗe. Wayar da aka yi don RS-485 tana da nata nauyin da saƙo ke ji yayin da yake tafiya, kusan om 120. In ka sa rizista mai wannan adadin a bakin layi, saƙon zai shige ta kamar wayar ce ta ci gaba, ya ƙare a ciki, babu abin da zai dawo. Layi kuwa baki biyu gare shi, don haka biyu ake sawa, komai yawan na'urorin da ke tsakani.

A nan in faɗi gaskiyar aiki: a gudun 9600, wato ɗigon saƙo 9600 a daƙiƙa, wanda inbatoci da yawa ke zuwa da shi, kowane ɗigon saƙo yana ɗaukar kusan kashi 104 cikin miliyan na daƙiƙa, zuwa da dawowa a wayar mita 400 kuwa kashi 4 ne. Abin da ya dawo ya lafa kafin a karanta. Shi ya sa wasu ke cewa sun shekara ba su sa ba kuma lafiya lau. Ka ɗaga gudun zuwa 115200, ɗigon ya koma ƙasa da kashi 9, a nan za ka san amfaninta.

Yanzu sunayen da aka kawo mini. Wani abokin aiki a Kura ya ce "marufi", wani ya ce "matoshi". Ban karɓa ba, don ina tsoron ranar da yaro zai ji toshewa ya haɗe A da B wuri ɗaya. Hakan ma yana mayar da saƙo baya, ga kashe layin gaba ɗaya. "Rizistar ƙarshe" ta faɗi wuri, kuma da ita muke kira da yarona bai yi kuskuren nan ba. Sai dai ba ta faɗi dalili ba, kuma tana sa a ɗauka guda ɗaya ce.

Ni da farko "hana-kuwwa" na kawo, a kan tsarin hana-salla. Wani malamin Hausa a Malam Madori, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, ya ce mini: "Ɗana, kuwwa ita ce ihun da ka yi, abin da ya dawo shi ne amsa kuwwa. In ka hana kuwwa ai ka hana maganar kanta." Na ce Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne. Na gwada "hana-amsa", sai na tuna a Modbus allo ne ke tambaya, inbata ta ba da amsa. Wannan sunan zai fi na Turancin rikita yara.

Malam ɗin ne ya ce in sake bayanin a hankali. Da na kai wajen buhu ya shanye murya, ya ɗaga hannu ya ce, "To ai ka faɗa. Sha take yi." Sha-kuwwa. Ginin kalmar irin na sha-kallo ne, kunnen Bahaushe ya saba da shi, kuma ya dace da abin da ke faruwa cikin wayar: kuwwar ta iso, rizista ta shanye ta ta mayar da ita ɗan zafi, amsa kuwwa ba ta samu abin dawowa da shi ba. Duk wanda ya taɓa ihu a bakin rijiya ko tsakanin duwatsun Dutse ya san daga can ƙarshe murya ke juyowa, ba zai nemi maganinta a tsakiya ba.

Abu ɗaya nake roƙo ga masu koyarwa: ku riƙa faɗar ta da adadinta, "sha-kuwwa biyu, baki da baki". Ku nuna wa yaro launinta, ruwan ƙasa, ja, ruwan ƙasa. Ku gaya masa wasu inbatocin suna da ita a ciki, ɗan makunni kawai ake turawa, don kada ya ƙara wata a kai. Masu amfani da wayar intanet ta kwamfuta su tuna nata nauyin om 100 ne. Sannan a kashe wuta a auna: 60 daidai ne, 120 saura ɗaya, 40 an sa uku.

A akwatin inbatar ƙarshe a gonar Alhaji na rubuta da maka, "Sha-kuwwa tana nan, om 120, kada a cire." Masu aiki a Kadawa, Bunkure da Ringim, ku gwada ta da yaranku mako biyu, ku gaya mini ko ta zauna a baki.