Me ya sa yara ke kawar da ido idan suna lissafi da ka?

Malamar Aji Uku, Pantami:

Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata makarantar firamare a cikin garin Gombe, kuma kowace safiya kafin mu buɗe littafi nakan ɗauki minti goma ina yi wa yara tambayoyin lissafi da ka. Na daɗe ina lura cewa idan na ce biyu a tara da uku, yaro yakan amsa yana kallona, amma da zarar na ce 47 a tara da 38, sai idonsa ya bar kaina. Akwai wata yarinya a benci na gaba wadda takan ƙura wa silin ido, leɓunanta na motsi, ta ɗan karkata idon zuwa dama, sannan ta dawo da shi kaina ta ce 85. Wani abokin aikina yana ɗaukar wannan a matsayin rashin mai da hankali ko neman satar amsa, don haka yakan daka tsawa ya ce a dube shi. Raina bai kwanta da haka ba, domin ranar da aka tilasta wa yarinyar nan ta dubi malami, lissafin da ta saba yi ya kuɓuce mata har ta yi hawaye. Shin akwai wata alaƙa tsakanin motsin ido da aikin ƙwaƙwalwa, ko kuwa ɗabi'a ce kawai da ya kamata a gyara?

Malamin ilimin halayyar ɗan'adam, Tudun Wada:

Wa alaikumus salam, Malama. Abin da kika gani gaskiya ne, kuma an yi bincike a kansa. Domin yarinyar ta haɗa 47 da 38, dole ta tara bakwai da takwas, ta ajiye biyar ta riƙe ɗaya, ta koma kan huɗu da uku ba tare da ɗayan nan ya ɓace mata ba. Ma'ajiyar da ƙwaƙwalwa ke riƙe irin waɗannan abubuwa na ɗan lokaci ƙarama ce ƙwarai, fuskar mutum kuwa tana cin wuri a cikinta, musamman fuskar malamin da ke jiran amsa, domin yaro ba zai fasa karanta ta ba yana neman alamar yarda ko ta fushi. Kawar da ido rage wa kai kaya ne. A 1998 Arthur Glenberg da abokan aikinsa a Amurka sun nuna cewa manya ma sun fi kawar da ido idan tambaya ta ƙara wuya, kuma amsarsu ta fi dacewa idan sun rufe idon. Gwyneth Doherty-Sneddon da abokan bincikenta a Jami'ar Stirling ta Sikotilan sun koya wa yara 'yan shekara biyar su riƙa kallon gefe yayin tunani, sai aka ga sun fi takwarorinsu samun amsa daidai. Abokin aikinki alheri yake nufi, amma tsawar tasa tana rushe abin da yake son ginawa.

Ma'aikaciyar sashen ido, Bajoga:

Malama, bari in ƙara da abin da ya shafi aikinmu. Ƙofar nan da ke tsakiyar baƙin ido, wadda haske ke shiga ta cikinta, takan buɗe idan ƙwaƙwalwa ta ɗauki nauyi ko da hasken ɗakin bai canja ba. Eckhard Hess da James Polt na Jami'ar Chicago sun auna hakan a 1964 da lissafin ninkawa, suka ga buɗewar tana ƙaruwa gwargwadon wahalar lissafin. A 1966 Daniel Kahneman da Jackson Beatty suka nuna tana faɗaɗa yayin da mutum ke riƙe jerin lambobi, tana komawa yayin da yake furta su. Sai dai canjin ƙanƙane ne, kuma a idonmu mai duhu ba za ki gan shi daga gaban allo ba sai da na'ura. Ki kuma bambanta wannan da yaron da ke runtse ido ko matsowa kusa idan an yi rubutu a allo, domin shi gwajin gani yake buƙata.

Tsohon hedimasta, Kumo:

'Yata, ni karkatar idon zuwa dama ce ta ja hankalina. Na taɓa jin cewa Turawa suna jera lambobi a zuci daga hagu zuwa dama. To yaranmu fa, waɗanda da asuba suke bin allo daga dama zuwa hagu, da hantsi kuma su bi littafin boko daga hagu zuwa dama?

Malamin ilimin halayyar ɗan'adam, Tudun Wada:

Baba, Allah ya ƙara girma, ka taɓo wurin da ya fi armashi. A 1993 Stanislas Dehaene da abokansa a Faransa sun gano cewa mutane sun fi saurin amsa ƙananan lambobi da hannun hagu, manyan lambobi kuma da hannun dama. A 2009 André Knops tare da Dehaene suka ɗauki hoton aikin ƙwaƙwalwa, suka ga wani sashe a samanta ta baya, wanda ke sarrafa tsallen ido, yana aiki lokacin tarawa kamar yadda yake yi idan ido zai tafi dama. A shekarar dai Samuel Shaki da abokansa suka kwatanta al'ummu uku: 'yan Kanada sun jera daga hagu, Falasɗinawa masu karatu da Larabci daga dama, Isra'ilawa kuwa, waɗanda kalmominsu ke tafiya daga dama amma lambobinsu daga hagu, ba su nuna wani tsayayyen gefe ba. A ganina ɗan Gombe mai allo da boko ya fi kama da waɗannan na uku, kuma bincike ne da ya dace ɗalibanmu na jami'a su yi a nan gida. Sai dai ina jan kunne: sakamakon nan matsakaici ne na mutane da yawa, ba za a dubi yaro ɗaya a ce tunda ya kalli hagu to ɗebewa yake yi, balle a ce ƙarya yake shiryawa. Ga kuma kunya, wadda ke sa ɗanmu sunkuyar da kai gaban babba ko da ba lissafi yake yi ba.

Malamar Aji Uku, Pantami:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau da safe na gaya wa yaran cewa kowa ya kalli inda ya ga dama yayin da yake tunani, ni ma na riƙa mayar da idona kan rajista bayan na yi tambaya, ina ƙirga biyar a zuci kafin in kira suna. Yarinyar ta koma wa silin ɗinta, ta ba ni 63 a ɗebe 27 daidai, 36. Akwai kuma wani yaro a layin baya da yake runtse ido duk lokacin da na yi rubutu, na aika wa mahaifinsa takarda ya kai shi a duba masa idon.