Mahaifina mahaucin raƙuma ne kuma yana da ciwon suga, ko cutar MERS za ta iya kama shi?

Ɗan Fawa:
Assalamu alaikum. Baba ya tsufa a fawa, raƙuma yake yankawa a nan Kano. Shi ke kama akala ya durƙusar da raƙumi, kan dabbar a hannunsa, majina da yawu duk a hannun rigarsa. Na ji a rediyo cewa raƙuma na ɗauke da wata korona mai suna MERS. Yana da ciwon suga, shi ya sa hankalina ya tashi. Da na yi masa maganar, cewa ya yi tun kakanninsa ake wannan sana'a. Masu sani, ku taimaka min.

Likitan Dabbobi:
Wa alaikumus salam. Cutar gaskiya ce, a Saudiyya aka gano ta a 2012, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda aka tabbatar sun kamu ya rasu. A hancin raƙumi ƙwayar take zama, ƙananan raƙuma sun fi zubar da ita, alhali dabbar ba ta nuna komai sai ɗan yoyon majina.

A mayankar Kano ma an yi bincike. An samu alamar cutar a jinin mafi yawan raƙuman, amma gwajin jinin ma'aikata a 2016 bai nuna ta ba. Daga baya wani gwaji mai zurfi ya nuna garkuwar jikin wasu mahautan raƙuma ta taɓa haɗuwa da ƙwayar. Wato tana shiga mutane, ko da irin ta Afirka ba ta kai ta ƙasashen Larabawa ƙarfi ba. Abin da ya dame ni shi ne sugan nan. Masu suga, ciwon ƙoda da ciwon huhu su ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce su nisanci raƙuma, kuma har yanzu babu allurar riga-kafi.

Baban Hanifa:
Ɗan'uwa, kada ka ce masa ya bar sana'a, ba zai ji ba, ransa kawai zai ɓaci. Ka ce lokaci ya yi da yara za su riƙa kama kai da akala, shi ya tsaya wajen ciniki da awo. Dattijo ya fi karɓar magana idan girma aka ba shi.

Anti Nas:
Ɗana, ka saya masa takunkumi da safar hannu, kayan aiki kuma a cire su kafin a shiga cikin gida. Nonon taguwa a tafasa, nama ya dahu sosai, fitsarin da wasu ke sha don magani kuwa ya haƙura da shi. Idan zazzaɓi da tari suka kama shi, musamman in numfashi ya fara yi masa wuya, ku kai shi asibiti a ranar, kuma ku faɗa wa likita cewa da raƙuma yake aiki.

Ɗan Fawa:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan fara da ƙanin Baba, maganarsa yake ji.