Yaro ɗan shekara 3 da aikin gida, haka ake yi ko'ina?

Maman Hanif, Kano:
Salamu alaikum jama'a, tambayata ga ƴan uwa na wasu ƙasashe ce. Yarona shekararsa 3 da wata huɗu yana nazare wan a wata makarantar kuɗi nan unguwarmu, jiya aka ba shi ya rubuto 1 zuwa 50, yaron da yake damƙe fensir kamar muciya, ya yi ta kuka har barci ya kwashe shi a kan littafin, ni na ƙarasa mai da hannun hagu kar anti ta gane. Kuma an hana su Hausa a aji wai banakula ce. Ku ma haka ake a wajenku?

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumus salam Hajiya. Mu nan Nijar jardan muke ce wa nazare, kuma yawanci sai a birni. Yaron ƙauye sai dai ya faɗa lakwal (firamare) kai tsaye, mushe, wato malami, na ta Faransanci shi yana kallon bakinshi kamar an kunna rediyo. Abin haushin tun 1973 aka fara gwada koyarwa da Hausa a nan Damagaram. A 2025 kuma an ce Hausa ce harshen ƙasa, to ni fatana abin ya sauko har ajin ƙanana, kar ya tsaya a takarda.

Hajiya Zango, Kumasi:
Mu a Ghana tun wajen 2008 aka sa KG1 da KG2, wato ajin ƙanana kafin firamare, cikin karatun dole, yaro na shiga da shekara 4, wannan kam an yi ƙoƙari. Amma harsuna 11 gwamnati ta zaɓa na koyarwa kuma babu Hausa a ciki, jikata a gida Hausa, a aji Twi da Turanci, da yamma makarantar allo Larabci. Ta iya duka wallahi, sai dai satin farko shiru ta yi har madam ta ɗauka kurma ce.

Abban Yusra, Faransa:
Nan tun 2019 dole ne yaro ya shiga makaranta da shekara 3, amma fa ba irin abin da kike nufi ba. Ƴata fenti take yi da waƙa da yanka takarda, bayan abincin rana a shimfiɗa musu su yi barci, ban taɓa ganin ta dawo da aikin gida ba.

Malama Rabi, Zariya:
Maman Hanif ki yi haƙuri amma laifin har da ku iyaye. Shekarata tara ina koyar da nazare, ranar da na fitar da yara muka yi lissafi da murfin kwalba, washegari wani uba ya zo yana faɗa wai kuɗinsa yake biya ba wasa ya kawo ɗansa ba, mai makaranta kuma ta goyi bayansa. A taron UNESCO na Tashkent a 2022 ƙasashe sun yi alkawarin ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin ilimi wa ajin ƙanana, da za a cika ko rabi a horar da mu a gyara albashi da kin ga canji. Ki je ki samu antin da kanki, wataƙila ita ma a matse take.

Maman Hanif, Kano:
Na gode ƙwarai. Malama zan je Litinin in Allah ya kai mu, amma fa sai na fara shawo kan babansa, don shi ne mai buɗe jaka kullum yana tambayar yau me aka ba shi.