Ƙwari masu zarto: bishiyar maitokondiriya ta saɓa wa kamanni

Dalibin_Kwari: Assalamu alaikum malamai. A nazarin ƙwarin Symphyta, masu zarton da mace ke tsaga ganye da shi ta zuba ƙwai, me ke sa bishiyar dangantaka da aka gina da DNA na maitokondiriya (sashen tantanin halitta mai samar da kuzari) ta saɓa wa wadda kamannin jiki ke nunawa? Dangin Orussidae ya ƙi zama kusa da Apocrita (rukunin zanzaro, ƙudan zuma da tururuwa) kamar yadda kamanni ke nunawa, jinsunan Neodiprion, wani rukunin masu zarto, kuma sun cakuɗe.

Malam_Hymeno: Wa alaikumus salam. Matsala biyu ce, kowace da maganinta. Ta Orussidae daga lissafi take. Maitokondiriyar waɗannan ƙwari haruffan DNA A da T sun kai kusan kashi 80 cikin ɗari, wasu rassan kuma sun yi saurin sauyawa, sai manhaja ta riƙa haɗa dogayen rassa ba don dangantaka ba. Ka ɗauki ƙwayoyin halitta 13 masu gina furotin, ka cire harafi na uku na kowane kodon (haruffa uku masu nuna amino asid ɗaya), nan ne sauyi ya fi cunkushewa. Ko ka mayar da su amino asid da teburin fassara na 5, na maitokondiriyar halittu marasa ƙashin baya, ka gudanar da tsarin lissafi na CAT-GTR a manhajar PhyloBayes da sarƙar lissafi biyu har su daidaita. Idan Xyelidae, dangin da ya rabu tun da wuri, ba ta faɗo kusa da gindin bishiyar ba, sake duba yadda ka jera haruffan.

Hajiya_Genom: Ta Neodiprion kam ba laifin manhaja ba ne. Linnen da Farrell sun nuna tun 2007 cewa maitokondiriya na tsallakawa daga jinsi zuwa jinsi ta hanyar barbara tsakanin jinsunan. Ta uwa kaɗai ake gadonta, namiji kuma daga ƙwan da ba a barbara ba yake fitowa, don haka takan ratsa iyaka DNA na cibiyar tantani bai bi ta ba. Haruffa 658 na COI, ƙwayar halittar maitokondiriya da ake tantance jinsi da ita, ba za su raba maka gardama ba, haka abin yake a Euura ma, wani rukunin masu zarto. Ƙara NaK da POL2, ƙwayoyin halitta na cibiya, ka gina bishiyar kowanne daban, ka kwatanta.

Malam_Hymeno: Gaskiyarki Hajiya. Ɗalibin kuma ya fassara COI ɗin zuwa amino asid tukuna. Kodon na tsayawa a tsakiya alama ce ta kwafin bogi da ya shige cibiya.

Dalibin_Kwari: Na gode. Zoben DNA na maitokondiriyar kuma ya ƙi rufewa a manhajar harhaɗawa ta NOVOPlasty.

Hajiya_Genom: Yankin sarrafawa na zoben ne, maimaici ya yi masa yawa, gajerun karatun na'urar Illumina ba sa ƙetare shi. In ƙwayoyin halittar maitokondiriya 37 sun cika a manhajar MITOS, ci gaba da aikinka. In dole sai ya rufu, na'urar Nanopore mai dogon karatu za ka nema.