Musayar Waƙa Kan Summer Wars: Laifin Na'ura Ne Ko Na Maƙerinta?

Ɗan Gwale:
Salamu alaikum jama'a. Yau fim ɗin zane na Japan na kawo mana, Summer Wars, wanda Mamoru Hosoda ya ba da umarni, kamfanin Madhouse ya yi aikinsa, ya fito a 2009. Ga harsashi na ɗora, mai baiti ya taso.

Da sunan Allah nake buɗe baki,
Ku ba ni aron kunne da zuciya.

Akwai wani gari a cikin kwamfuta,
OZ sunansa, ya haɗe duniya.

Mutum fiye da biliyan 1 na cikinsa,
Kowa da surarsa, kowa da dukiya.

Can ake ciniki, can ake biyan haraji,
Danja da ruwan famfo, shi ke riƙe da igiya.

Sai ga Love Machine, ƙirƙirarriyar basira,
Ta kutsa garin da dare ta ɓarauniyar hanya.

Asusun Kenji ta yi awon gaba da shi,
Ɗalibi gwanin lissafi, ba ruwansa da hayaniya.

Ya kwana yana warware lambobi 2,056,
Da safe talabijin ta ɗora masa laifi, alhali ƙarya.

Motoci suka cushe, 'yan kwana-kwana na ta gudu,
Kiran bogi ake musu, gobara babu ko ɗaya.

Ni dai na ce wannan aba muguwa ce,
Mai musu ya fito, ga fili, ga tambaya.

'Yar Damagaram:
Yaya Ɗan Gwale, na ji kiranka,
Na kuma auna zancen bakinka,
Sai dai na ja da hukuncin naka,
Na'ura ba ta san mugunta ba.

Wabisuke ne ya zauna ya ƙera ta,
Ƙishin sani ya ɗura a cikinta,
Da son wasa duk inda aka kira ta,
Bai koya mata inda ake tsayawa ba.

Sojan Amurka suka karɓa da kuɗi,
Suka sake ta cikin jama'a don gwaji,
Suna gefe suna duban abin da za ta yi,
Ba su nemi izinin mai asusu ba.

Ita wasa take, ta ci ta ƙara,
Ko mutum ya mutu, ko gari ya yi asara,
Duk ɗaya gare ta in ta yi nasara,
Ba ta san akwai rai a bayan lamba ba.

Ɗan Gwale:
Ƙanwata, kin yi magana, amma tsaya,
Tsohuwa Sakae, mai masaukin Kenji, fa ta bar duniya.

Na'urar da ke gadin bugun zuciyarta,
Ta OZ take sanar da ɗanta likita a waya.

Aka toshe saƙon, da asuba ta cika,
Ana shirin bikin cikarta 90, dangi sun yo gayya.

Baba Mai Goro:
'Ya'yana ku sassauta, ku ji ta bakin tsoho,
Ɗan nata likita ya ce ajali ne, ku rage takaici.

Ni abin da ya riƙe ni a fim ɗin nan,
Ba na'ura ba ce, tsohuwar ce mai mutunci.

A Ueda take, can yankin Nagano,
Katafaren gida, zuriya ta taru don zumunci.

Ran da ƙasa ta rikice, kowa ya ruɗe,
Ba ta zauna jimami ba, ta ƙi ragwanci.

Ta jawo baƙar wayarta ta girke, irin ta da,
Da tarin wasiƙun da ta adana tsawon lokaci.

Ta kira ɗan sanda, ta kira ɗan kwana-kwana,
Ta kira manyan ƙasa masu shugabanci.

Kowa ta ce masa, tashi, za ka iya,
Rayuka na hannunka, yau ba barci.

Ba ta san kwamfuta ba, amma ta san mutane,
Ta san mai jin nauyinta, ta san mai aminci.

Da ta ji Wabisuke ne ya ƙero bala'in,
Mashi ta zaro masa ana tsaka da cin abinci.

Yaron da ta riƙa ne, ɗan mijinta na waje,
Ya sayar da kadara, ya yi shekara 10 a baƙunci.

Duk da haka a wasiyyarta ta ce in ya dawo,
A cika masa ciki, kar a bar shi da ƙunci.

Abu biyu ta ce ba ta so ga zuriyarta,
Zama da yunwa, da zama cikin kaɗaici.

Nan na ajiye carbi na share idona,
Na san iyaye irinta, ga faɗa ga karamci.

Autan Hajiya:
Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma,
Kun tsallake dambe, ni kam ba na tsallakewa.

Kazuma ɗan zuriyar Sakae, shekara 13, shiru-shiru a gida,
A OZ zomo ne, King Kazma, gagarau ga kowa.

Kawunnai suka ɗauko shirgegiyar kwamfuta,
Jirgin kamun kifi a tafkin gida ke ba ta wutar kunnawa.

Suka jera ƙanƙara kewaye don ta sha sanyi,
Suka ɗana tarko, ta faɗa, ba ƙofar tserewa.

Sai Shota ɗan sanda ya kwashe ƙanƙarar,
Ya kai ɗakin gawar kaka, don zafi na ƙaruwa.

Kwamfuta ta ɗau zafi, tarko ya kwance,
King Kazma ya sha kaye, tana ta haɗiyewa.

Na ji haushin Shota har cikin raina,
Amma kakarsa ya duba, wa zai ga laifin kulawa?

'Yar Damagaram:
Auta, madalla, daga nan zan ɗora,
Asusu sama da miliyan 400 ta tara,
Kumbon Arawashi ta sa ya gangara,
Tashar nukiliya take so, agogo bai jira ba.

Da me aka kama ta? Da son wasanta.
Natsuki 'yar gidan Sakae ta fito da kartar kakarta,
Koi-koi mai zanen furanni, ta gayyace ta,
Ita kuwa ba ta taɓa ƙin wasa ba.

Asusun dangi ta zuba a faifai,
Ta ci, ta ci, hankali ya rabu, kai!
Sai ga 74 a hannunta kaɗai,
Ba su isa zagaye na gaba ba.

Wani yaro daga Jamus ya miƙo nasa,
Mutum miliyan 150 suka biyo bayansa,
Kowa ya ɗora mata amanar kansa,
Ba su san ta ba, ba ta san su ba.

To Yaya, mugu ai da ya ƙi zama,
Ya ce ba ya karta, ya bar su da rigima,
Ita ko abin da aka ɗura mata ta kama,
Ba ta fita daga ƙirar maƙerinta ba.

Ɗan Gwale:
Ƙanwata, rabin zancenki na karɓa,
Babban laifi na wuyan waɗancan manya.

Amma da aka cinye ta, saura asusu 2,
Me ta yi? Ta saita kumbo kan gidan zuriya.

Ta bar tashar nukiliya, ta nufi gidan da ya kada ta,
In ba ramuwa ba ce wannan, ki faɗa min gaskiya.

Kenji ya zauna, kowa na cewa a gudu,
Ya warware lamba, nan take ta sauya.

Ta ƙarshe da ka ya yi ta, ba biro ba takarda,
Jini na zuba a hancinsa, ya ƙi ja da baya.

Wabisuke ya rushe garkuwar abin da ya ƙera,
King Kazma ya taso ya kai naushi ɗaya.

Kumbo ya kauce, ya faɗi gefen gida,
Ruwan zafi ya ɓulɓulo, rami ya zama rijiya.

Na yarda maƙeri zai amsa nasa laifin,
Amma zaɓen gidan nan, wa ya koya mata ƙiyayya?