Tsohon ɓeran Masar da na karɓi riƙonsa ya ƙi cin busasshiyar ciyawa

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe suna kiwon ɓeran Masar, musamman masu riƙe da tsofaffi.

Na karɓi wani namiji daga wurin da ake kula da dabbobin da aka yasar, kuma an ƙiyasta ya kai shekara 5, wanda tsufa ne ga dabbar da yawanci ke rayuwa tsakanin shekara 5 zuwa 7. Ɓuyan da yake yi a cikin akwatinsa bai dame ni ba, domin tsoro ɗabi'arsu ce. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ya ƙi busasshiyar ciyawa ƙememe: yakan ɗauki sili ɗaya, ya jujjuya shi a baki, sannan ya yar, alhali ganye mai taushi da tattasai, waɗanda nake ba shi saboda bitamin C da jikinsu ba ya iya samarwa, yana cinye su tas. Kashinsa ya ƙanƙance, gashin haɓarsa kullum a jiƙe yake, sikeli kuma ya nuna yana ramewa a hankali.

Likitan dabbobi ya duba haƙoran gaba, ya ce lafiyarsu ƙalau. Sai dai haƙoran wannan dabba ba sa daina girma, kuma tauna ciyawa ce ke rage su, shi ya sa hankalina ya karkata ga turamen da ke can ciki.

Shin baƙunta kaɗai na iya jawo haka, ko kuwa in nemi a ɗauki hoton muƙamuƙinsa? Idan kuma sai an yi masa allurar barci kafin a duba, mai irin shekarunsa zai iya jurewa?