Tsohon injin gas ko sabo: wanne zai jure hanyar Maraɗi zuwa Yamai?

Alhaji Sani, Maraɗi: Assalamu alaikum. Ina neman ƙaramar mota mai gazuwal, wato gas, saboda zirga-zirgar Yamai. Dillali ya nuna mini biyu: Peugeot 306 mai injin 1.9 D, da Golf 6 mai 1.6 TDI da ta shigo ta Lome. Bakanikena ya ce ko kyauta aka ba ni Golf ɗin kada in karɓa, wai duk injin gas da kwamfuta ke sarrafawa ba na ƙasarmu ba ne. Gaskiya ne?

Baba Ilu, Damagaram: Wa alaikumus salam, Alhaji. Bakanikenka ya san aikinsa. Injin 306 ɗin nan, XUD, tun 1982 Peugeot ta fara sa shi, ya shiga 305, 205, 405 har 306. Na 1.9 D ɗin ba turbo, ba kwamfuta. Famfo ne na Bosch ko Lucas yana tura mai zuwa nozul huɗu, shi ke nan. Idan ya ƙi tashi, ko iska ta shiga layin mai, ko hita ta mutu, ko filta ta toshe. Yaron gareji ma zai gano. Kuma ba ya tsirfa wajen mai.

Injiniya Mustafa, Kaduna: Baba, Allah ya ƙara girma, ban musa ƙarfin XUD ba. Amma a 2002 aka daina ƙera 306, wadda ta fi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara 20. Ba injin kaɗai Alhaji zai saya ba, har da lagireto, wayoyi, robobi da giyabos masu wannan shekarun. Kuma kan injin na alminiyom ne, zafi ɗaya mai kyau ya isa ya ƙone gasket ko ya tsaga shi. Ga ƙarfinsa doki 70 ne ko ƙasa kaɗan. A cika ta da mutum biyar da kaya, a kunna AC a watan Afrilu, sannan a ce za a wuce tirela a hanyar Dosso. Golf ɗin doki 105 ne a yawancinsu, kuma ta fi shan mai kaɗan.

Baba Ilu, Damagaram: Mai gaggawa ya hau jirgi.

Injiniya Mustafa, Kaduna: Bari in faɗi yadda sabon yake aiki, don tsoron ya ragu. Famfo ɗaya ne ke cika bututu guda da mai a matse, matsin na farko-farko bar 1,350, na baya 1,600 zuwa sama. Kwamfuta ce ke buɗe kowace injekta, wato nozul ɗin sabon injin, tana fesa man kashi-kashi maimakon a zuba shi gaba ɗaya. Shi ya sa ba ya ƙwanƙwasa kamar tsohon, kuma man yana ƙonewa sosai. Ba sabon abu ba ne ma: Alfa Romeo 156 ta fito da shi a 1997, Peugeot ta biyo da HDi a 1998.

Bashir, Katsina: Injiniya, duk wannan a man Turai ne. Can tun 2009 sinadarin salfa da ke cikin gas ba ya wuce 10 ppm, wato kashi 10 cikin miliyan. Mu nan an daɗe ana sayar mana da mai dubbai, har ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta tona asirin 'yan kasuwar a 2016. ECOWAS ta amince da 50 ppm a 2020, amma amincewa a takarda daban, abin da ke cikin tanki daban. Salfar nan ce ke cinye famfon sababbin motoci.

Injiniya Mustafa, Kaduna: A nan ka haɗa abu biyu, Malam Bashir. Salfa ba ta cin famfo. Man da ke da ita ma yawanci ya fi santsi, wanda aka tace ƙwarai ne sai an ƙara masa sinadarin santsi. Ɓarnarta a wani wuri take: tana lalata matatar hayaƙi da ke kan salansa, tana sa baƙin mai ya yi tsami da wuri. Masu kashe famfo da injekta su ne ruwa, ƙura da kananzir. Gas ɗin da kansa ne ke shafe cikin famfon, to idan an sirka shi da kananzir sai ƙarfe ya goga ƙarfe, garin ya bi bututu ya shiga injekta huɗun. Daga nan sai wanke tanki da sauya kusan komai.

Baba Ilu, Damagaram: To ai ka faɗi da bakinka. Wa zai rantse wa Alhaji cewa duk man da zai sha tsakanin Maraɗi da Yamai ba a taɓa shi ba? Kilomita sama da 600 ne. Wata rana dole ka tsaya wajen 'yan ruwa-ruwa.

Injiniya Mustafa, Kaduna: Tankin Golf lita 55 ne, Baba. Idan ya cika a gidan mai da ya yarda da shi, zai isa Yamai da saura.

Hajiya Hadiza, Yamai: Ku bar batun famfo, ni matatar hayaƙin ce ta ishe ni. Motata ta 2012 ce, kuma daga gida sai kasuwa sai makarantar yara. Fitila ta yi ta kamawa, motar ta daina ja, sai an kai ta an sa na'ura. Aka ce mini baƙin hayaƙi ne ke taruwa, kuma ba ya ƙonewa sai an yi doguwar tafiya da gudu. Ni ina zan je kullum?

Injiniya Mustafa, Kaduna: Haka ne, Hajiya, sai zafin ya kai wajen digiri 600 take ƙone abin da ta tara, kuma zagayen cikin gari ba ya kai ta can. Ke motar fetur ce ta dace da ke. Alhaji kuwa hanyarsa doguwa ce, wannan bai kamata ya dame shi sosai ba, in dai yana zuba baƙin man da aka rubuta wa masu matata.

Bashir, Katsina: A yanke ta kawai a huta. Kowa haka yake yi.

Hajiya Hadiza, Yamai: Sai mu da ke bayanku a danja mu shaƙa ko?

Injiniya Mustafa, Kaduna: Kuma ba yankewa kaɗai ba ce, sai an taɓa kwamfutar, in ba haka ba za ta ci gaba da neman abin da babu. Wanda bai iya ba ya taɓa, ka shiga uku.

Usman Kofar Ruwa, Kano: Ni mai sayar da kaya ne, ga abin da nake gani. Kuna magana kamar iri biyu ne kawai, alhali akwai na tsakiya. Golf 4 mai 1.9 TDI doki 90 ko 110 famfo ne irin na da, amma kwamfuta ke ba shi umarni, kuma kowa ya san yadda yake daɗewa. To Baba, a wane layi za ka sa shi? Bayansa akwai PD, wanda kowace silinda ke da nata ƙaramin famfo haɗe da injekta, kamshaf ke danna shi. Shi ne a Golf 5 mai 1.9 TDI doki 105, daga 2003 zuwa 2008, kuma da yawansu ba su da matatar hayaƙi. Sharaɗinsa ɗaya: baƙin mai mai lamba 505.01. Ka zuba na durom, kamshaf ya cinye. A ɓangaren Peugeot kuma akwai 2.0 HDi doki 90 a 406 da 307, shi ma ba matata. Da ni ne, cikin waɗannan zan duba, in bar 306 ɗin da Golf 6 ɗin duka.

Baba Ilu, Damagaram: Golf 4 ɗin na yarda da shi, ɗana, na sha buɗe shi. Amma ko shi, ranar da firikwensin iska ya mutu sai ka ga mota ta zama jaki.

Usman Kofar Ruwa, Kano: Wannan cirewa ake a sa wani, minti goma. Abin da zan ƙara: kada Alhaji ya dogara da Kano wajen kayan 1.6 TDI. A Najeriya gas ya daɗe yana fin fetur tsada, don haka ƙananan motocin gas ba su da kasuwa, mu ma ba mu cika ajiye kayansu ba. Injektarsa kuma ko ka samu, sai an shigar da lambarta cikin kwamfuta.

Bashir, Katsina: Kuma 1.6 ɗin nan yana cikin motoci miliyan 11 da Volkswagen ta amsa a 2015 cewa ta yi wa gwajin hayaƙinsu dabara.

Injiniya Mustafa, Kaduna: Yana ciki, amma wannan batun gurɓata iska ne, ba ya hana mota kaiwa Yamai. Alhaji, kafin ka biya, a sa mata na'ura a ga yadda kowace injekta ke aiki da yawan tokar da ke matata, a buɗe filtar mai a duba ko akwai ƙyallin garin ƙarfe. In akwai, ko an rage maka rabi ka tafi.

Alhaji Sani, Maraɗi: Na gode ƙwarai. Na kira dillalin, ya ce Golf 5 sai dai a jira wani zuwan daga Lome. Gobe zan kai Golf 6 ɗin a duba kamar yadda Injiniya ya ce. Akwai wanda ya san mai na'urar a nan Maraɗi, ko sai Yamai?

Baba Ilu, Damagaram: Ka ji ko? Tun ba a saya ba an fara cigiyar mai na'ura. Injiniya, ka ba shi lambarka, don ranar da ta tsaya tsakanin Dogon Dutse da Birnin Ƙonni kai zai kira, ba ni ba.